Me ya hana kamfanoninmu sayen jirgi mai hawa biyu?

Wani Alhaji da ke yawan zuwa Dubai saro kaya ya aiko da tambaya. Ya ce duk sanda ya sauka a can yana ganin jiragen Emirates masu hawa biyu, wato A380, jere reras, kowanne yana kwasar mutum sama da 500 a sawu ɗaya. Mu kuma ga maniyyata dubbai duk shekara, ga 'yan kasuwa, ga ɗalibai, ga masu zuwa asibiti. Me ya hana kamfanonin jiragen sama, musamman namu, su sayi irin waɗannan manyan jirage su kwashe kowa lokaci ɗaya, ko tikiti ya yi sauƙi?

Alhaji, na yi shekaru a ofishin da ake tsara wane jirgi zai bi wace hanya, a wane lokaci, da kujeru nawa, kuma an sha kawo mana wannan magana, wani lokacin ma daga bakin masu kamfanin da kansu. Amsata a gajarce ita ce: ga mafi yawan kamfanoni a duniya, har da namu duka, sayen irin wannan jirgi kuskure ne. Akwai 'yan ƙalilan da ya yi wa rana, kuma zan faɗa maka abin da suke da shi wanda sauran ba su da shi.

Bari mu fara daga tasha, don ka fi ni saninta. Ka ɗauki doguwar bas ta Legas da ke lodi a Sabon Gari, ka ɗauki Sharon da ke lodin Abuja. In an raba kuɗin mai da na direba a kan kowace kujera, bas ta fi araha nesa ba kusa ba. Amma sai ta cika. Mai Sharon ya samu mutanensa kafin hantsi ya kama hanya, mai bas yana nan 'yan kamasho suna ta kiran fasinja har la'asar. Ran da kasuwa ba ta yi ba, ko dai ya tashi da rabin mota ya sha asara, ko ya karya kuɗin mota don ya cika. To jirgin sama ya fi haka tsanani, domin shi ba ya jiran ya cika. An rubuta ƙarfe goma, ƙarfe goma zai tashi, ko da mutum nawa ne a ciki. Kujerar da ta tashi ba kowa a kanta ta tafi kenan har abada, ba a ajiye ta a sayar gobe. Tumatir ma ya fi ta, shi ana iya yanka shi a shanya.

Don haka a ofis lissafi biyu muke yi. Akwai abin da kowace kujera ke ci, akwai kuma abin da sawun gaba ɗaya ke ci. Masu sayar da babban jirgi lissafin farko suke nuna maka, kuma ba ƙarya suke yi ba. Amma wanda ke kashe kamfani shi ne na biyu. A380 na shan mai wajen tan 12 a kowace awa, tankinsa na ɗaukar lita kusan 320,000, nauyinsa in ya yi lodi ya kai tan 575, kuma kuɗin sauka da na ratsa sararin samaniyar ƙasashe da nauyi ake lissafa su. Ma'aikatan cikinsa sun haura 20. Duk wannan za ka biya shi ko fasinja 500 ka ɗauka ko 200. Boeing 787 kuwa bai shan rabin wannan man.

Ga misali da alƙaluman da na zaɓa don sauƙin fahimta kawai. A ce kana da hanyar da mutum 330 ke son bi kullum a kan cikakken farashi. In jirginka mai kujera 300 ne, ka cika, ka bar mutum 30 a ƙasa, har ma ka samu damar ɗan ƙara kuɗi a kan kujerun ƙarshe. In mai kujera 520 ne, kana da kujeru 190 da ba mai nema. Me za ka yi? Sai ka sauke farashi don jawo waɗanda da ba su yi niyyar tafiya ba, ko waɗanda da ta wani kamfanin za su bi. Matsalar ita ce sauƙin ba ya tsayawa a kan mutum 190 ɗin nan. Su ma 330 na farko suna da waya, suna ganin farashi, wasunsu za su jira su sayi mai arahar. Sai ka ga jirgi ya cika maƙil, ana ta murna a bakin ƙofa, amma da aka zo ƙarshen wata kuɗin da ya shigo bai biya sawun ba. Na ga wannan da idona a kan jirgin da bai ma kai A380 girma ba, kuma shi ne abin da ya fi wuyar fahimtarwa ga mai kamfani, domin shi yana ganin cikakken jirgi ne.

Tarihin waɗannan jirage ya riga ya ba da amsa. Boeing 747, wanda ake kira jambo, ya fara tashi a 1969, ya fara ɗaukar fasinja a Janairun 1970 da kamfanin Pan Am tsakanin Niyok da Landan. A wancan zamanin kamfanoni da yawa sun saye shi ne don nisan zangonsa, ba don girmansa kaɗai ba. Akwai doka cewa jirgi mai inji biyu kada ya yi nisan da ya wuce tafiyar minti 60 daga filin da zai iya sauka in inji ɗaya ya mutu, saboda haka in za ka ƙetare teku sai mai inji uku ko huɗu. A 1985 aka fara sassauta dokar zuwa minti 120, domin injina sun ƙara aminci. Da Boeing 777 ya fito a 1995 an ba shi minti 180, A350 na kamfanin Airbus kuma daga baya ya samu har minti 370. Daga nan kusan babu wata hanya a duniya da mai inji biyu ba zai iya bi ba. Wanda ke da inji huɗu sai ya zama yana biyan gyaran inji huɗu a kan aikin da biyu za su yi.

Ana cikin wannan sauyin Airbus, wanda ya ƙera A380, ya yi caca. Ya ƙiyasta cewa duniya za ta buƙaci manyan jirage sama da 1,200 cikin shekara 20, bisa tunanin cewa manyan filaye za su cushe, dole a riƙa tara mutane a mahaɗa ana kwasarsu da ƙaton jirgi zuwa wata mahaɗar. Boeing kuwa ya ce mutane sun fi son tashi daga garinsu kai-tsaye zuwa inda za su, ya ƙera 787. A380 ya fara tashi a Tulus ta Faransa ranar 27 ga Afrilun 2005, ya fara aiki da Singapore Airlines a Oktoban 2007 tsakanin Singafo da Sidni. A Fabrairun 2019 Airbus ya sanar zai daina ƙera shi, na ƙarshe aka miƙa shi a Disambar 2021. Gaba ɗaya 251 aka sayar, kuma 123 daga ciki Emirates ne ya ɗauka. Babu kamfanin Amurka ko ɗaya da ya saya, duk da cewa can ce kasuwar jiragen sama mafi girma. Shi ma sabon samfurin jambo, 747-8, na fasinjansa bai samu masu saye na a-zo-a-gani ba in ka cire Lufthansa da Korean Air da Air China. Jambo na ƙarshe da aka ƙera, na dakon kaya ne, an miƙa shi a Janairun 2023.

Wannan yana nufin wani abu da tambayarka ba ta yi la'akari da shi ba: ko kamfani ya zo da kuɗinsa a buhu yau, babu sabon A380 ko sabon 747 da zai saya. Sai dai na hannu.

Ni dai ina son A380, kada ka ɗauka ƙinsa nake. Duk wanda ya shiga ya san bambancin. Shiru ne a ciki, ga fili, ko iska ta kaɗa shi ba ka cika ji ba. A gwajin da aka yi masa a Hambag a 2006, mutum 873 suka fice daga cikinsa cikin daƙiƙa 78, a cikin duhu, rabin ƙofofin a rufe. Injiniyoyin da suka yi shi sun yi aiki. Abin da ya gaza shi ne lissafin kasuwar da aka gina shi a kai.

To me ya sa ya yi wa Emirates rana? Ka lura da abin da ke faruwa a filin Dubai tsakar dare, ka sha gani. Jirage na sauka daga Indiya, Pakistan, Ostareliya, Gabashin Afirka, Tailan, a cikin 'yan awanni, sai a sake rarraba mutanen cikin wasu jiragen zuwa Landan, Faris, Niyok. Jirgin Dubai zuwa Landan ba mutanen Dubai kaɗai ke cika shi ba, garuruwa da dama ne ke zuba masa fasinja, kamar yadda ƙoramu ke zuba wa kogi. Na biyu, a ɗaya bakin akwai filin da ya cushe. Filin Heathrow na Landan titin jirgi biyu gare shi, kuma an ƙayyade masa tashi da sauka 480,000 a shekara. Gurbin sauka a can kadara ce da ake saye da sayarwa. A 2016 an ruwaito Oman Air ya biya dala miliyan 75 don gurbin sauka da tashi guda na safiya. In ba za ka iya ƙara sawu ba, hanya ɗaya ta rage maka, ka ƙara girman jirgi. Na uku, hawan sama na A380 ɗin Emirates, a mafi yawansu, kujerun alfarma ne, har da wurin wanka, kuma akwai masu kuɗin da ke biya. Kujerun nan su ke ɗauke nauyin sawun. Na huɗu kuma shi ne yawa. Mai jirgi sama da 100 iri ɗaya yana da matuƙansa, na'urar koyon tuƙinsa, rumfar gyaransa, rumbun kayan gyaransa, in ɗaya ya lalace a jawo wani. A Dubai har gini guda aka yi, aka buɗe a 2013, musamman don wannan jirgi. Shi ya sa shugaban kamfanin, Tim Clark, ya daɗe yana roƙon Airbus ya sake ƙera shi da sabbin injina, kuma kamfanin ke kashe biliyoyin daloli yana sabunta cikin waɗanda yake da su.

Wanda bai haɗa waɗannan huɗun ba ya sha wuya. Air France na da goma, annobar korona na zuwa a 2020 ya ajiye su gaba ɗaya. Thai Airways na da shida, bai sake tashinsu ba. China Southern na da biyar, ya sallame su a 2022. Shugaban Qatar Airways na lokacin, Akbar Al Baker, ya fito fili ya ce sayen jirgin shi ne babban kuskuren da suka yi. Gaskiya ne bayan korona wasu sun dawo da nasu, irin su Lufthansa da Etihad da shi kansa Qatar, amma ka duba dalili. Matafiya sun dawo da yawa, sabbin jiragen da suka yi oda ba su iso ba, ga tsohon jirgi a ajiye an riga an biya kuɗinsa ko ana kan biya ko an tashe shi ko ba a tashe shi ba. Amfani da abin da ke hannunka daban, fita ka sayo daban.

Akwai wani abu da masu kamfani ba su cika tunawa ba ranar saye, wato ranar sayarwa. Jirgi irin 737 ko A320 ko 777, in ya ishe ka akwai masu so a ko'ina, in ya tsufa a mayar da shi na dakon kaya ya ƙara shekaru yana aiki. A380 ba shi da wannan mafita. Na farko-farkon da Singapore Airlines ya mayar wa masu su bayan hayar shekara 10, wasunsu ba a samu mai karɓa ba, aka kai su Tarbes a Faransa aka farfasa aka sayar da kayan. Jirgin da farashinsa a takarda ya kai dala miliyan 445, ɗan shekara 10 da 'yan kai. Kamfanin Hi Fly na Fotugal ya gwada ɗaukar na hannu guda a 2018 don ya riƙa ba da haya, kafin ƙarshen 2020 ya haƙura. Tsalle ɗaya ake yi a faɗa rijiya, kuma bankunan da ke ba da bashin jirgi sun san haka, shi ya sa ba sa sakin kuɗi da sauƙi a kan irinsa.

Tunda kai ɗan kasuwa ne, ga wani abu da ya shafe ka kai-tsaye. Za ka ɗauka babban jirgi ya fi ɗaukar kaya. A380 hawa biyu na mutane gare shi amma ciki ɗaya na kaya, kuma jakunkunan mutum 500 sun cinye mafi yawansa. Cikinsa na ɗaukar akwatunan ƙarfe na kaya 38, alhali 777-300ER, mai ƙarancin fasinja, na ɗaukar 44. A hanyoyinmu, inda mutum ɗaya ke dawowa daga Dubai ko Guangzhou da dila-dilan kaya, kuɗin dako wani lokacin shi ke fitar da sawu daga asara. Wannan na cikin dalilan da suka sa 777 ya fi dacewa da hanya irin ta Legas.

Sai filin jirgi. Faɗin fukafukan A380 ya kusa mita 80. Yana buƙatar faffaɗan titi da gefuna masu ƙwari, domin injinan waje suna leƙawa can bakin kwalta su zuƙo tsakuwa da ciyawa. Yana buƙatar hanyoyin juyawa masu faɗi, gadar shiga da ta kai hawan sama, motar tura shi mai ƙarfi, motocin kashe gobara na babban mataki, da zauren da zai ɗauki mutum 500 suna jiran jaka lokaci ɗaya. Guguwar da yake bari a bayansa ma ta sa dole jirgin da ke biye ya ja baya sosai. Emirates ya taɓa kai shi Akra sau ɗaya a Oktoban 2018 don nuna sabon ginin filin zai iya karɓarsa, amma inda yake zuwa a kai a kai a nahiyar nan 'yan wurare ne irin su Johannesbag da Alƙahira da Kasabalanka da Morishiyos. Kuma ba filin da za ka je kaɗai ake dubawa ba. In hazo ya rufe Kano a watan Janairu, dole filin da za ka karkata zuwa gare shi ya iya karɓar jirgin, ya sauke mutanen, ya ba shi mai.

Yanzu mu zo aikin Hajji, wanda na san shi ne ainihin abin da ke ranka, kuma a nan hujjarka ta fi ƙarfi. Kujerun Najeriya sun kai 95,000 a shekarun da aka ba ta cikakken kasonta, kuma dole a kwashe mutanen nan cikin 'yan makonni kafin Saudiyya ta rufe filayenta ga maniyyata. A irin wannan aiki babban jirgi na da amfani ƙwarai, shi ya sa Kabo Air a da, da Max Air daga baya, suka riƙa amfani da jambo. Duk wanda ya taɓa tsayawa a filin Malam Aminu Kano da daddare lokacin jigila ba zai manta ba. Layin maniyyata cikin yadi iri ɗaya, tsofaffi mata riƙe da jakar hannu da buta, ana kama hannun wasu a kan matakala, jirgin kuwa tsaye kamar gidan sama, yana ta haɗiyar mutane har ka ce ba zai cika ba. Sawu ɗaya, rabin maniyyatan wasu jihohin sun tafi.

Amma ka bi jirgin nan da ido bayan ya sauke su a Madina ko Jidda. Wayam yake dawowa, in ban da ruwan Zamzam da ake lodowa. Lokacin dawo da alhazai kuma wayam yake tafiya. Kenan rabin tafiyarsa ba fasinja, kuma kuɗin wannan rabin yana cikin kuɗin kujerar da maniyyaci ya biya. Jigilar gaba ɗaya, kai da komo, wata biyu ce ko ƙasa da haka. Sauran wata goma fa? Umara na taimakawa, musamman a azumi, amma ba ta cika mutum 500 kullum daga gari ɗaya. Sai ka ga jirgin a gefen fili an toshe bakin injinansa, ƙurar hunturu ta lulluɓe shi, ana biyan inshora da kuɗin ajiya da albashin matuƙa, ana kuma tura su horo don kada takardunsu su mutu.

Abin da ya sa wannan lissafin ya yi wa masu jambo aiki shi ne tsofaffin jirage suka saya da araha, bayan manyan kamfanoni sun gama cin moriyarsu. Tsohon jirgi na shan mai da yawa, amma in ya zauna ba bashin da ke bin sa. Sabon jirgi akasin haka ne, yana tsimin mai amma kuɗin banki na tafiya dare da rana, sai ya yi awa 13 ko 14 a sama kullum kafin ya biya kansa. Aikin Hajji na tsohon jirgi ne ko na haya, kuma tsofaffin jambo ɗin ma suna ƙarewa, kayan gyaransu na ƙara wuya.

An ma gwada ainihin shawararka. Malaysia Airlines na da A380 shida da suka zame masa kaya, ya rasa mai saye, sai ya kafa wani sashe mai suna Amal don jigilar Hajji da Umara da su. Ka tuna Malesiya na da tsarin adashin Hajji mai ƙarfi, ga Indonesiya a maƙwabta wadda ta fi kowace ƙasa yawan mahajjata. Duk da haka a 2022 jiragen shida suka bar hannunsa. Wani kamfanin kuma, Air Austral na tsibirin Reyuniyon, ya yi odar biyu da nufin cusa kujeru 840 a kowanne don tikiti ya yi araha zuwa Faris, ƙarshe ya janye bai karɓi ko ɗaya ba.

Akwai kuma ranar da jirgi zai lalace, domin dole wata rana ya lalace. Wata shekara, a wani kamfani da na yi wa aiki, babban jirginmu ya samu matsalar inji ana tsakiyar jigila, kayan gyaran kuma sai an kawo daga Turai. Mutum sama da 500 suka kwana biyu a sansanin alhazai. Na shiga sansanin a daren na biyu. Wata tsohuwa tana zaune a kan tabarma jingine da jakarta, an riga an yi mata rakiya daga ƙauye, an yi bankwana, guzurinta ya fara ƙarewa. Ta kalli katin da ke wuyana ta ce, "Ɗana, ko dai ba a kira mu ba ne bana?" Na durƙusa na ce, "Iya, an kira ku, in Allah ya yarda gobe kuna Madina." Sun tashi washegari, amma duk jerin sawun da ke bayansu ya goce da kwana biyu. Da jirage biyu matsakaita muke da su a madadin ɗaya, da rabin mutanen sun tafi a daren farko, ɗayan ya dawo ya kwashi sauran. Tun daga ranar, in ana maganar babban jirgi ɗaya ko biyu a ƙaramin kamfani, fuskar matar nan nake gani kafin in duba takarda.

Ka ƙara da matsalar kuɗi, wadda ka fi kowa saninta. Hayar jirgi, inshora, kayan gyara, horon matuƙa, babban gyaran da ake kai jirgi waje, duk da dala ake biya, tikiti kuma da naira ake sayarwa. Kafin Yunin 2023 dala a farashin gwamnati tana wajen naira 460, a 2024 ta haura 1,500. A 2023 kuɗin kamfanonin waje da suka maƙale a Najeriya sun haura dala miliyan 800, Emirates ma ya dakatar da zuwa tun 2022, sai Oktoban 2024 ya dawo Legas. A irin wannan kasuwa kamfani na buƙatar jirgin da zai iya cirewa daga wannan hanya ya mayar wata, ko ya mayar wa mai shi in abu ya ƙi. Ƙaton jirgi hanyoyin da zai iya bi ba su wuce a ƙirga da yatsu ba.

Game da sauƙin tikiti, abin da na gani yana sauke farashi shi ne gasa da yawan sawu. Da Air Peace ya fara zuwa Landan daga Legas a ƙarshen Maris 2024, da 777 ya fara, kuma matafiya sun ga yadda farashin sauran kamfanoni ya sauko a makonnin. Ɗan kasuwa kuma ya fi son a ce akwai jirgi yau, akwai gobe, da a ce akwai ƙato guda sau biyu a mako.

In kana son ganin yadda ake girma a hankali a nahiyar nan, dubi Ethiopian Airlines. Shi ne na farko a Afirka da ya karɓi 787 a 2012, na farko da A350 a 2016. Ya shafe shekaru yana tattaro fasinja daga garuruwan Afirka, har da Kano, yana zubawa a Adis Ababa. Sai da mahaɗar ta yi ƙarfi sannan ya karɓi A350-1000 mai kujera 395 a ƙarshen 2024, ya kuma yi odar 777-9 guda takwas. Duk masu inji biyu ne, bai taɓa sayen A380 ba. Wannan 777-9 shi ne babban jirgin fasinja da ya rage a kasuwa, yana ɗaukar mutum 400 da 'yan kai, kuma Boeing ya ɗauki darasi: bakin fukafukansa na naɗewa in ya sauka, daga kusan mita 72 ya koma ƙasa da 65, don ya shiga wurin da 777 na yanzu ke shiga ba sai an fasa fili ba. An so fara miƙa shi tun 2020, jinkiri ya yi ta bin sa shekara da shekaru, kuma wannan ma abin lura ne ga duk wanda zai ɗora shirinsa a kan jirgin da bai iso ba.

Da wani kamfaninmu zai kira ni gobe, Alhaji, ga abin da zan ce masa. Don Hajji ya yi hayar babban jirgi da matuƙansa na wata biyu, ko ya riƙe 777 ko A330 na hannu masu yawan kujeru, aƙalla biyu ko uku iri ɗaya, waɗanda bayan Hajji za su iya komawa Umara da Landan da Dubai. Don sauran shekara ya nemi matsakaicin jirgi ya kafa sawu tabbatacce daga Kano zuwa Jidda, sau uku ko huɗu a mako, ya kuma tsara ƙananan jiragensa daga Sakkwato da Maiduguri da Yola, har da Yamai in an samu izini, su riƙa isowa Kano awa biyu ko uku kafin tashinsa. In ya shekara biyu yana barin mutane a ƙasa saboda rashin kujera, ya mayar da sawun kullum. In na kullum ɗin ma ya kasa, ya ƙara na biyu da yamma, tunda a Kano ba a sayen gurbin sauka da miliyoyin daloli kamar a Heathrow. Sai ran da Jidda ta ce ba ta da sauran gurbin da za ta ba shi, sannan zan zauna da shi mu buɗe takardun jirgi mai kujera 400.